Gyaran tabon tsakuwa a fentin mota da samfefar ruwa

Tabon tsakuwa shi ne ɗan ramin da ke fitowa a jikin mota idan dutse ya daki fenti ya ɓantare shi. Yawanci girmansa bai wuce ƙwayar gero zuwa ƙwayar dawa ba. An fi ganinsa a goshin boneti, da bamba, da bayan madubin gefe, da ƙasan ƙofofi inda taya ke watso abin da ta taka. Mai mota na iya gyara shi a gida ta hanyar cike ramin da fenti mai launin motar har ya ɗan yi tozo, sannan ya goge tozon da samfefa mai laushi yana zuba ruwa har wurin ya yi daidai da kewayensa, a ƙarshe ya dawo da ƙyallin da man folish. Wannan gugar ita ake kira gugar ruwa.

Yadda fentin mota yake

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin hana tsatsa, wanda ake yi ta hanyar tsoma gangar jikin motar cikin tafkin fenti a sakar masa lantarki. Sai faraima, wato shafin share fage da ke sa fenti ya kama, sai fentin launi, sai wani fenti marar launi da ke sama, wanda shi ne ke ba mota ƙyalli, yake kuma tare wa launin zafin rana. Wannan tsari na raba launi da ƙyalli ya yaɗu ne a shekarun 1980. Kafin nan galibin motoci fenti ɗaya ake fesa musu mai ɗauke da launi da ƙyalli a haɗe.

Kaurin waɗannan hawa gaba ɗaya, a motar da ta fito daga kamfani, kan kama daga maikiron 100 zuwa 180. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Fentin ƙyallin shi kaɗai kan kai maikiron 35 zuwa 50, wato kusan rabin kaurin fallen takardar rubutu. Duk wata guga da za a yi, a cikin wannan ɗan siririn bawo za a yi ta, kuma abin da samfefa ta cinye daga cikinsa ba ya dawowa sai da sabon feshi.

Abin da ke jawo tabon

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka ko tsakuwar da ta yi tsalle kawai daga tayar motar gaba, idan ta haɗu da boneti, duka ne mai ƙarfi. Bin bayan tifa mai ɗauke da tsakuwa, da ratsa hanyar da ake kan gyarawa, da sabuwar kwaltar da ba a share tsakuwar samanta ba, su ne manyan sanadai.

Idan dukan ya tsaya a fentin ƙyalli ko na launi, muni ne kawai. Idan kuwa ya kai ga ƙarfe, ruwa da iska za su fara aikinsu. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take kumbura fentin da ke gefen ramin ta ɗaga shi, ɗan tabo ya zama bororo. Bamba ta roba ba ta tsatsa, haka ma bonetin alminiyom, saboda haka gyaransu ba na gaggawa ba ne.

Asalin samfefar ruwa

Samfefar da ruwa ba ya lalatawa ƙirƙirar Francis Okie ce, wani mai haɗa tawadar ɗab'i a birnin Filadelfiya na Amurka. Kamfanin 3M ya sayi haƙƙin ƙirƙirar a 1921, ya fito da ita da sunan Wetordry. Masana'antun mota sun karɓe ta hannu bibbiyu, domin a lokacin ƙurar busasshiyar guga, mai ɗauke da dalmar da ke cikin fenti, tana cutar da ma'aikata. Yashin da aka fi liƙawa a jikin irin wannan takarda shi ne silikon kabayid, wanda wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya samar a 1891.

Ruwan yana wanke garin fenti kada ya toshe idon takardar, yana sa ta sulɓi, yana kuma hana wurin ɗaukar zafi. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna laushinta: idan lamba ta hau, yashin ya ƙara laushi. A ma'aunin Turai, mai harafin P, ƙwayar yashin P1500 ta kai kusan maikiron 12.6, ta P2500 kuma 8.4. Aikin tabon tsakuwa ana yinsa ne da 2000 zuwa 3000. Masu lamba 400 ko 600 na aikin faraima da bodifila (abin cike lotsawar jikin mota) ne, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi za su ratsa fentin ƙyalli.

Nemo launi

Ba a sayen fenti da ido. Kowace mota tana da lambar launi a wata 'yar takarda ko faranti, yawanci a ginshiƙin ƙofar direba, ko ƙarƙashin boneti, ko a but kusa da safaya. A Toyota ana samunta bayan haruffan C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi. Fari kansa kala-kala ne, kuma motar da ta shekara goma tana shan rana ta riga ta kauce wa launinta na asali ko da kaɗan ne.

Akwai matsala ta daban ga motoci 'yan Kwatano da sauran na hannu: da yawa an sake musu feshi bayan haɗari ko kafin sayarwa, ta yadda lambar da ke ƙofa ba ita ce launin da ke jiki ba. A nan gara a cire murfin tankin mai a kai wa mai haɗa fenti, ya haɗa yana gwadawa a kai.

Yadda ake aikin

Ana fara wanke wurin da sabulu, a shanya, a goge da sifirit domin cire maiƙo da tsohon folish, don fenti ba ya kama wuri mai maiƙo. Idan akwai tsatsa a ƙasan ramin sai a kankare ta da bakin allura ko alƙalamin zaren gilashi (ɗan burushin kankara mai siffar alƙalami) har farin ƙarfe ya bayyana, a ɗiga faraima kaɗan. Duk gefen fentin da ya ɗago a ɓalle shi, tunda ba zai sake mannewa ba.

Burushin da ke zuwa a murfin kwalbar fenti ya yi wa wannan aiki girma. Tsinken sakace ya fi shi. Ana taɓa bakin tsinken a fenti, a ɗora shi a tsakiyar ramin, a bar ɗigon ya malala da kansa ya cika gefe-gefe. Ba shafawa ake yi ba. Fenti yana motsewa idan tinar cikinsa ta fice, saboda haka ramin da ya cika taf da safe zai lotsa da yamma. Sai a ƙara wani ɗigon, a jira, a ƙara. Idan launi ya rufe ƙasan ramin, sauran cikon da fentin ƙyalli ake yi, har wurin ya ɗara kewayensa tudu kaɗan.

Daga nan sai haƙuri. Saman fenti na bushewa cikin awa guda, amma cikinsa na ɗaukar kwanaki kafin ya yi tauri. Wanda ya yi gaggawa zai ga samfefa ta tumɓuke cikon gaba ɗaya kamar cingam, ya koma gidan jiya. Masu aikin da yawa kan bar shi kwana biyu zuwa mako.

Kafin guga ana jiƙa takardar kamar minti 15 a ruwa mai ɗigon sabulu. Ba a riƙe ta da ɗan yatsa, domin tsokar yatsa na lanƙwasawa ta bi ta kan tozon ta ci lafiyayyen fentin da ke gefe, ta bar kwari. Ana naɗa ta ne a wani ɗan abu mai shafaffiyar fuska. Wata dabara da ta shahara ita ce a huda samfefa da abin huda takarda na ofis, a manna ɗan da'irar da ta fito a kan robar gindin fensir. Da wannan ana iya taɓa tozon shi kaɗai. Ana gogawa a hankali, nauyin hannu kawai, sau biyar ko shida, a share da tsumma, a duba, a shafa da yatsa. Muddin akwai zoben ƙyalli da ya kewaye tozon, to bai kwanta ba. Da zarar zoben ya ɓace, wurin ya zama dusu-dusu bai ɗaya, yatsa ya daina jin tudu, an gama.

Ruwan da ke gangarowa shi ne mai ba da labari. Idan fari ne kamar tsararren nono, fentin ƙyalli ake ci, lafiya lau. Idan launin motar ya fara fitowa daga wajen cikon, an huda ƙyallin an shiga launi, kuma wannan ɓarna folish ba ya gyara ta. A tsofaffin motoci masu fenti ɗaya ne kawai ganin launi a takarda ba abin tsoro ba ne.

Dusu-dusun da guga ta bari ana cire shi da man guga mai ɗan kaushi, sannan folish mai laushi, da tsumma mai taushi. Sabon fenti ana barinsa kamar wata guda kafin a shafa masa kakin kariya.

Yanayi da wuri

Ba a yin aikin a rana ko a kan boneti mai zafi, don fentin zai daskare a bakin tsinke kafin ya malala. A lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba: ƙwayar rairayi ɗaya da ta shiga tsakanin takarda da fenti za ta ja layin da ya fi na samfefar zurfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake son inuwa mai rufi, da ruwa mai tsabta, da yawan ɗauraye takardar.

Inda dabarar ke gazawa

Baƙi, da fari, da ja marasa ƙyalƙyali sun fi karɓar wannan gyara, har ya zamana sai an nuna wa mutum wurin. Ruwan azurfa da ruwan gwal kuwa suna da wuya. Cikinsu akwai ɓarɓashin alminiyom da ke kwanciya a jere idan an fesa shi da bindigar feshi, amma idan aka ɗiga shi sai ya taru ya kwanta yadda ya ga dama, wurin ya yi duhu ko ya yi haske fiye da kewaye. A irin waɗannan launuka abin da ake samu shi ne kariya daga tsatsa da tabon da ba ya ɗaukar ido daga nesa.

Kaifin boneti da gefen ƙofa fentinsu ya fi na ko'ina siranta, kuma nan aka fi huda shi, don haka da yawa kan cike ramin su bar shi ba guga. Bonetin da tsakuwa ta yi wa zanzana, ramuka ɗari a wuri ɗaya, ko wanda fentin ƙyallinsa ya fara saɓulewa saboda rana, ya wuce aikin tsinke, sai mai fenti ya kankare shi ya sake feshi.