Tsawon bakin bindiga ba shi ke kai harbi nesa ba

Jama'a an daɗe ana cewa wai bindigar farauta mai dogon baki ta fi kai harbi nesa, shi ya sa masu neman barewa ko agwagin ruwa suke dagewa sai doguwa. Zamanin bindigar toka maganar tana da hujja. Amma harsashin yanzu mai watsa ƙwayoyin dalma albarushinsa ya kusa gama aiki kafin inci 20 na tsawon bakin, ragowar tsawon galibi saiti yake gyarawa, abin da ke tattara ƙwayoyin dalma ko ya watsa su shi ne matsewar bakin can ƙarshe. Kafa kwali a nisan mita 35 inda ba kowa, ka harba doguwa da gajeriya, ka ƙirga hujojin. Don Allah a tura wa 'yan uwa mafarauta.