Kat-of: makin da rediyo ke shelantawa daban, wanda ke ba da gurbi daban

Da zarar an tashi daga taron da hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ke yi duk shekara da shugabannin manyan makarantu, sai kalmar nan ta cika gari. A rediyo kat-of, a Facebook kat-of, a teburin mai shayi na Bauchi Road kat-of, har tsohuwar da ba ta taɓa zama a benci ba za ka ji tana tambayar jikanta ko ya kai kat-of. Daga Turanci aka aro ta, kuma asalin ma'anarta ba ta da wuya, wato wurin da aka yanke. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne abubuwa har uku ake kira da wannan suna guda, kuma mai karanta labarai kullum sai ya ɗauko wanda ya fi rashin amfani ga iyaye ya shelanta shi kamar alƙali ya buga guduma.

A watan Yulin 2025 an yi taron a Abuja, aka tsaya a kan maki 150 bisa 400 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin koyon aikin jinya, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai. Washegari na ji wani gidan rediyo ya kira 150 ɗin "makin samun gurbin karatu a jami'a". Da daddare bayan isha'i maƙwabcina ya yi sallama. Dillalin tumatir ne a kasuwar Farin Gada ta nan Jos, mutum ne mai lissafin kai, ba ya buƙatar biro. Ya zaro takarda daga aljihun gaba, an ninke ta huɗu, gefe ɗaya ya yi jaja-jaja da ruwan tumatir. Sakamakon jarrabawar 'yarsa ne, 204.

"Malam, duba mini nan. An ce 150 ake nema, ita kuma ta kawo 204. Ka ga har da rarar 54. Likita take so ta zama."

Na ce, "Alhaji, zauna tukuna a kawo shayi."

Wannan 150 da ya ji shi ne kat-of na ɗaya, ƙasan ƙasa ne. Kowace makaranta tana aika wa JAMB mafi ƙarancin makin da za ta karɓa, a taron kuma sai a amince da iyakar da ba wanda zai sauka ƙasa da ita. Sauka aka hana, hawa kuwa kowa ga hanya nan. Shi ya sa tsofaffin jami'o'i irin su Ibadan da Legas da Ile-Ife suka daɗe suna tsayawa a kan 200, ko da an ce 140 a Abuja. Makin da jami'a ta sa wa kanta shi ne kat-of na biyu, kuma aikinsa bai wuce ya ba yaro damar sayen fom ɗin tantancewa ba, abin da ake kira Post-UTME. Hangen Dala ne, ba shiga birni ba.

Na uku shi ne mai yanka, shi ne kuma ba a faɗa a rediyo, domin ranar da ake shelar babu wanda ya san shi.

Na ce masa, Alhaji, wannan karatun kai ka fi ni saninsa. A ce damina ta yi nisa, tumatirin rani ya ƙare, mota ɗaya tak ta shigo Farin Gada da kwando 50, masu saye kuma 500 suka yi mata rumfa, wasu za su loda zuwa Anacha, wasu Fatakwal. Akwai tayin da idan mutum ya yi maka ko albarka ba za ka ce masa ba, kau da kai kawai za ka yi. To 150 shi ne bakin wannan tayin, daga shi ne ake fara sauraren mutum. Amma saurare daban, sallamawa daban. Kwandunan nan waɗanda suka fi tayi ne za su kwashe, daga na sama ana gangarowa, har kwando na 50 ya tashi. Kuɗin da aka sallama wannan kwando na ƙarshe, shi ne kat-of na gaskiya. Kuma kai da kake dillalin motar ba ka san shi da asuba ba. Sai da kasuwa ta ci ta watse kana ƙirga kuɗi a ƙarƙashin rumfa sannan ka iya cewa yau kwando ya tsaya a kaza.

Ya ajiye kofi, ya ce, "Wato gobe in mota 10 suka shigo sai ya faɗo."

Na ce ka gama karatun. In kujeru suka ƙaru ya faɗo, in masu nema suka ƙaru ko suka zo da maki mai kauri ya hau. Makin yaro na ƙarshe da aka ɗauka a sashen kafin kujeru su ƙare, shi ke nan abin da ake nufi. Don haka duk wanda ya tambaye ka a watan Yuni nawa ne kat-of ɗin likitanci na bana, tamkar ya tambayi Alhaji farashin kwandon watan gobe ne. Na bara zai iya zama haske, ba alkawari ba ne. Jerin alƙaluman da wasu masu shagon intanet ke liƙawa a bango tun kafin a yi tantancewa kuwa, ko na bara ne aka kwafo, ko kuma makin sayen fom ne da wasu jami'o'in kan sa wa kowane sashe nasa tun da wuri. Shi ma wannan izinin shiga layi ne kawai.

Sai kuma tambayar da ta fi ta kat-of muhimmanci, wadda ban taɓa jin an yi wa wani baƙo a rediyo ba: wa ya ce kwando 50 ne? Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da jami'a za ta iya ɗauka, bisa malamanta da azuzuwanta da kayan aikinta. A likitanci akwai ƙarin linzami, majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana ba kowace makarantar likitanci adadin da ba za ta wuce ba. A lauyanci ma akwai majalisar da ke kula da karatun lauya, mai riƙe da makarantar horar da lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari, garin da ita ma JAMB take zaune. Jami'ar da ta zarce adadinta ɗalibanta ne ke shan wuya daga baya, a gama karatu a rasa hanyar wucewa gaba. Ke nan ko shugaban jami'a surukinka ne, ba shi da ikon ƙirƙiro kujerar likitanci daga aljihu. Na faɗi wannan ne domin na san yadda ake yawo da goro gida-gida a irin wannan lokaci.

Akwai kuma wani ruɗanin da ke sa iyaye zargin maguɗi, wani lokaci da gaskiyarsu, sau da yawa kuwa babu. A jami'o'in tarayya ba layi ɗaya ake yi ba. Kashi 45 cikin 100 na gurabe na cancanta ne zalla, ko daga ina yaro ya fito. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimi, galibinsu na Arewa, amma har da irin su Bayelsa da Ebonyi. Layi uku, kowanne da inda almakashi zai faɗa masa. Saboda haka a sashe guda, a shekara guda, za a iya ɗaukar mai ƙaramin maki a bar wanda ya fi shi, kuma ba a karya doka ba, domin ba layinsu ɗaya ba. Mu mutanen Jos ma sai mu ƙara da tamu damuwar, domin takardar shaidar asali ce ke nuna layin da yaro zai tsaya, kuma kowa a garin nan ya san nauyin wannan takarda. Wannan zance ne na wata rana.

Kafin Alhaji ya farfaɗo sai na ƙara masa da cewa a jami'o'i da dama ba ma da 204 ɗin za a auna 'yar tasa ba. Wasu sukan raba makin JAMB gida 8 don ya koma bisa 50, su haɗa da na tantancewa ko na sakamakon WAEC da NECO, a fitar da jimla bisa 100. A wannan lissafin 204 ta koma 25.5. Shi ya sa za ka ga sashe ya fitar da kat-of ɗinsa saba'in da wani abu, uba ya duba ya ce ai 'yata ta ninka wannan kusan sau uku. Mudu biyu ne ake awo da su, ba wanda ya yi masa bayani.

Wurin da abin ya fi ba ni haushi shi ne kalmar "faɗuwa". A 2025 kimanin yara miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai 200 ba. Nan take kanun labarai suka ɗauka: yara miliyan ɗaya da rabi sun faɗi JAMB. Wa ya ce 200 ce iyakar ci? Rabin 400 ce, shi ke nan, wani ya ga rabi ya yi kyau ya ja layi a wurin. Jarrabawar nan ta jera mutane ce, a san na gaba a san na baya, ba irin ta WAEC ba ce da ake cewa wannan kiredit ne wannan kuma F9. Mai 190 zai iya samun gurbi a sashen da ba a cunkoso, mai 270 ya kwana a waje saboda ya nace sai likitanci. A cikinsu wa ya ci, wa ya faɗi? A shekarar ma an samu tangarɗar na'ura da ta shafi yara 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har shugaban hukumar Farfesa Is-haq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida a Bwari ya nemi afuwa yana hawaye, aka sake musu jarrabawa. Amma kafin nan an riga an kwana ana zagin yaran zamani da wayoyinsu a shirye-shiryen kiran waya.

'Yan siyasa kuwa kalmar ta zame musu sanda. A 2017 da aka sauko da makin jami'o'i daga 180 zuwa 120, an yi ta kururuwa cewa an kashe ilimi, domin 120 bisa 400 kashi 30 ne kacal. Wasu suka ce don 'yan Arewa aka yi, mu ma wasu namu suka yi ta murna kamar an raba mana gurabe kyauta. Duka ɓangarorin biyu sun ɗauki kat-of na ɗaya a matsayin na uku. Saukar da ƙasan ƙasa bai ƙara kujera ko ɗaya a ajin likitanci na kowace jami'a ba. Waɗanda abin ya amfana su ne makarantun da ke neman ɗalibai ido rufe, wasu jami'o'i masu zaman kansu da kwalejojin da ba a rububinsu. A 2021 ma an bar kowace makaranta ta yanke nata, daga 2022 zuwa 2024 aka zauna a 140, sannan a 2025 aka hau zuwa 150. Duk wannan hawa da sauka, ɗan talakan da ke neman lauyanci a jami'ar gwamnati bai ji a jikinsa ba. A ganina shelar nan ta shekara-shekara ta fi kama da biki, ana taruwa a babban zaure, a ɗauki hoto, a fitar da lamba, washegari uba irin Alhaji ya fara lissafin kuɗin farar riga.

Da za a ji tawa, da an daina cewa "makin cin jarrabawa" kwata-kwata, domin ita ce fassarar da ta fi kowacce ɓarna. "Mafi ƙarancin maki" da wasu gidajen ke amfani da ita ta yi daidai da na ɗaya, in dai za a ƙarasa jimlar a ce mafi ƙarancin makin da za a saurari mutum da shi. Ni a bakina na ɗaya da na biyu makin shiga layi ne, na uku kuma makin rufe ƙofa. Na san ba za su karɓu ba, kat-of ta fi daɗin faɗa, kuma mai faɗinta yana jin ya san boko.

Alhaji ya daɗe yana juya takardar a hannu. Daga bisani ya ce, "To Malam, yanzu meye abin yi?" Na ce ya tura ta cibiyar da JAMB ta amince da ita, ta duba matsayinta a CAPS, tsarin da aka kawo a 2017 wanda duk gurbin da bai bi ta cikinsa ba hukumar ba ta san da shi ba. In ta yarda, ta canza zuwa wani fannin kimiyyar da 204 za ta iya numfashi a cikinsa, ko ta nemi kwalejin jinya, ko kuma ta daure ta sake zama baɗi. Ya ce sai ya yi shawara da uwarta, domin ita ce ta riga ta gaya wa dangi har na Bauchi cewa an samu likita a gida. Ya ninke takardar yadda take, ya mayar aljihu.

Da safe yaronsa ya kawo mana tumatir cike da robar fenti, da attaruhu a sama. Ina cikin karyawa sai ga labaran ƙarfe bakwai, mai karantawa na taya ɗalibai murna, yana cewa duk wanda ya samu 150 ya fara shirin tafiya makaranta.