Masu sana'ar fata, ku daina maimaita gishiri

Tun bayan Babbar Sallah, kusan duk siton fata da muka leƙa a birnin nan na Kano abu ɗaya muke tararwa. A ɗaga ƙirgi daga tsibi, sai a ga ɓangaren nama ya yi ja kamar an shafa masa jar ƙasa, yana yauƙi, ga wari. Mai kaya ya rantse ya zuba gishiri har ya yi yawa. Mun yarda, Alhaji, ka zuba. Amma wane gishiri? Wanda yaranka suka kakkaɓe daga fatun makon jiya, suka share da tsintsiya, suka mayar buhu.

Don Allah 'yan uwa, ku bar wannan ɗabi'a.

Da yawanku kun ɗauka babu abin da ke rayuwa a cikin gishiri. Akwai. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masana na kiransu Halobakteriyam, gishirin ne ma gidansu. Ana samunsu a tafkuna irin Tekun Gishiri na yankin Jodan, wanda gishirinsa ya ninka na teku kusan sau 10, da wuraren da ake shanya ruwan teku a fitar da gishiri. Daga can suke biyo buhu. Tun shekarar 2000 aka karanta kundin gadon halittarsu, wato bayanan da ke tsara yadda jikinsu yake. An kuma san cewa sunadaran jikinsu ba sa aiki sai da gishiri mai yawa, kuma suna tara sinadarin fotashiyam a cikinsu don kada gishirin waje ya tsotse musu ruwa. Jan nan da kuke gani launinsu ne, da shi suke kare kansu daga rana. Ɗumin da suka fi so kusan digiri 40 ne, wato zafin siton kwano a Kano lokacin bazara.

To ku gaya mana, shanya tsohon gishiri a rana me zai yi musu? Halittar da aka yi don rana da gishiri! Sukan yi shekaru a cikin ƙwayar gishiri ba su mutu ba. Sabon buhu kaɗan yake ɗauke da su, amma gishirin da ya sha jini da kitse da kashi ya zama abincinsu, sun hayayyafa a ciki. Ga shi ya jiƙe, ba ya jan ruwa daga fata yadda ya kamata, sai ruɓa ta shigo, ka ja gashi ya biyo hannunka. In kaya suka isa masana'antun jima na Sharaɗa ko Chalawa, fuskar fatar ta ci, rini ba ya kamawa daidai, a rage mata daraja. Fatar jan akuya da duniya ke nema, ka kashe ta don tsimin rabin buhu. Mun san gishiri ya yi tsada, ba mu raina wahalarku ba. Amma ku lissafa kuɗin buhu ɗaya da na fatu goma da aka mayar muku.

Abin yi:
- A kankare nama da kitse, a wanke jini, fata ta huce a inuwa, a sa gishiri kafin awa 4 da fiɗa.
- Sabon gishiri kawai, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na nauyin fatar. Ƙirgi mai kilo 20, gishiri kilo 8 zuwa 10, har bakin-baki.
- A jera a kan katako mai gangara don ruwan ya tsiyaye, tsibi kada ya wuce ƙugu.
- Fatar da ta yi ja a ware ta, a kai wa majema da wuri.
- A wanke daɓe da katako da ruwa zalla mai yawa, yawancin ƙwayoyin nan fashewa suke yi in babu gishiri.

Gishirin da aka kakkaɓe kuma kada ya koma buhu, kada a ba dabbobi su lasa, kada a zuba a gona. Fatar da aka sa wa maganin adanawa ba ta ganda ba ce, kada ta shiga kasuwar abinci.