Koyar da natsuwa da fasaha ta hanyar halitta da yanayin shekara

Wannan salo ne na tarbiyyar 'yan makaranta wanda ake fita da yara waje, a sa su zuba ido kan itace, tsuntsu ko gajimare cikin natsuwa, daga baya su bayyana abin da suka gani da zane, waƙa ko rubutu. Ginshiƙinsa maimaitawa ce. Ana komawa wuri ɗaya a lokuta daban-daban na shekara, har yaro ya gane da idonsa cewa itacen da ya zana da ganye shar watanni uku da suka wuce yanzu ya kaɗe.

Tarihi

Yawanci ana danganta tushen wannan salo da Friedrich Froebel, malamin Jamus da ya buɗe cibiyar ƙananan yara a Bad Blankenburg a 1837, ya kuma raɗa mata suna Kindergarten, wato lambun yara, a 1840. Sunan ba na ado ba ne. Kowane yaro yana da ɗan filinsa da zai shuka, ya yi ban ruwa, ya jira tsiro.

A ƙarshen ƙarni na 19 nazarin halitta ya shiga makarantun Amurka. Anna Botsford Comstock ta Jami'ar Cornell ta wallafa babban littafin jagora ga malamai a 1911, tana nacewa kan cewa yaro ya fara ganin abu kafin a faɗa masa sunansa. A Ingila kuwa, Charlotte Mason ta sa ɗalibanta riƙe littafin lura, inda suke zana fure ko ƙwaro da fenti, su rubuta ranar da suka fara ganinsa a shekarar.

Misali mafi cika shi ne na Rabindranath Tagore, wanda ya kafa makaranta a Santiniketan ta ƙasar Indiya a 1901 da ɗalibai kaɗan. Shi kansa ya ƙi jinin aji mai bango huɗu tun yana yaro, don haka a ƙarƙashin itatuwa ake karatu a can. Ya tsara bukukuwan makarantar bisa juyawar shekara, da na tarbar damina, da na tohon furanni, daga baya aka ƙara na dashen itatuwa, kuma ɗalibai ne ke rera waƙoƙi da yin wasan kwaikwayo a cikinsu. A nan fasaha da lura da halitta suka zama darasi ɗaya.

Makarantun Waldorf, masu bin tsarin koyarwa na musamman, da aka fara a Stuttgart ta Jamus a 1919, sun shahara da teburin yanayi da ake ajiyewa a kusurwar aji, yara na kawo ganye, iri ko dutse suna sauya shi. Makarantun daji, inda yara ke karatu a waje cikin itatuwa, sun ɓullo a Danmak wajajen shekarun 1950, ana kuma alaƙanta farkonsu da Ella Flatau. A 1993 ma'aikatan Kwalejin Bridgwater suka ziyarci Danmak suka kai tsarin Ingila.

Horon natsuwa da sunansa na zamani, wato mindfulness a Turance, ya zo daga baya. Jon Kabat-Zinn ya fara shirinsa a Jami'ar Massachusetts a 1979 don marasa lafiya, ya aro dabarun daga zuzzurfan tunanin mabiya Buddha, sai bayan shekaru aka sauƙaƙa shi don makarantu.

Yadda ake yi

Darasin ba ya bukatar kayan aiki masu yawa. Yaro yakan zaɓi wurin zamansa, ya yi shiru na 'yan mintoci, ya ƙirga sautukan da ya ji, ya lura da numfashinsa da iskar da ke taɓa fatarsa. Bayan haka sai takarda da fensir. Wasu malamai kan yi amfani da haiku, gajeren waƙen Japan mai gaɓoɓi 5, 7, 5, saboda a al'adarsa dole a saka kalmar da ke nuna yanayin shekara. Tsohuwar kalandar Japan ma ta raba shekara kashi 72, kowane kashi kusan kwana biyar, da sunaye irin na fara kukan kwaɗi, abin da ke nuna wa yara yadda lura kan kai ga ƙananan sauye-sauye. A ƙasashe masu zafi, damina da rani ake bi.

Bincike

Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan sun kawo ra'ayin cewa kallon halitta na farfaɗo da hankalin da ya gaji. Game da horon natsuwa a aji kuwa, akwai saɓani. Gwajin MYRIAD na Birtaniya, da ya ƙunshi ɗalibai sama da 8,000 aka kuma fitar da sakamakonsa a 2022, bai samu cewa horon ya fi darussan da aka saba yi amfanar lafiyar ƙwaƙwalwar yaran ba. A cikin aji aka yi wannan gwaji, ba a waje ba.