Mece Ce Yarjejeniyar NLC Ta Ma'aikatan Jinya a Amurka?

Ɗan Najeriya in ya ji NLC, ƙungiyar ƙwadago ce ke zuwa masa a rai. A bakin ma'aikatan jinya na Amurka kuwa, sunan wata yarjejeniya ce tsakanin jihohi, Nurse Licensure Compact, wadda ke bai wa nas damar yin aiki a jihohi da yawa da lasisi guda.

A Najeriya hukuma ɗaya ce ke ba da lasisin jinya da ungozoma, wanda aka ba a Kano shi ne zai yi aiki a Legas. Amurka ba haka take ba. Jarrabawar ɗaya ce, NCLEX, amma kowace jiha da hukumarta da lasisinta. A dā, nas ɗin da ke garin Texarkana, wanda iyaka ta raba biyu tsakanin Texas da Arkansas, sai ta nemi lasisi biyu, ta biya kuɗi biyu, kafin ta yi aiki a tsallaken titi.

Wannan wahala ce ta haifi yarjejeniyar. Ta fara aiki a shekarar 2000 da jihohi huɗu, Maryland da Texas da Utah da Wisconsin. A 2018 aka sabunta ta da sharuɗɗa masu tsauri, har da ɗaukar zanen yatsa don binciken tarihin laifi. Yanzu jihohi da yankuna sama da 40 sun shiga, amma Kalifoniya da New York suna waje.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne maganar mazauni. Lasisin jihohi da yawa ba ya fitowa sai daga jihar da nas take zaune dindindin, wato wadda ke kan lasisin tuƙinta da katin zaɓenta da takardar harajinta. Tana iya zama a Texas ta karɓi aikin wata uku a Oklahoma, babu wanda zai nemi wata takarda. Amma ranar da ta kwashe kayanta ta tare a Maryland, kwana 60 gare ta ta nemi lasisi a can. In kuwa Kalifoniya ta koma, lasisin Texas ɗin ya zama na Texas kaɗai, sai ta shigar da sabuwar buƙata ta jira.

Doka kuma tana bin inda mara lafiya yake. Nas a Houston ta jihar Texas da ta ɗaga waya ta tambayi wani dattijo a Oklahoma ko ya sha maganin hawan jininsa, a idon hukuma a Oklahoma take aiki, dokar can ce a kanta. In ta yi kuskure, jihar na iya hana ta aiki a cikinta, labarin kuma ya shiga rumbun bayanai na Nursys inda sauran hukumomi za su gani. Ni a ganina wannan ne ginshiƙin tsarin, domin ba daidai ba ne wanda ya cutar da majinyaci ya tsallaka iyaka ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

'Yan'uwanmu da suka yi karatun jinya a gida suna shirin tafiya su lura: cin NCLEX tun kafin a sauka Amurka lasisin jiha ɗaya yake kawowa. Na jihohi da yawa sai an sauka, an samu lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, an kuma zauna a jihar da ke cikin yarjejeniyar.