Foldar da ke kan saba ba ta fitowa idan an kunna kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Masu shagunan buga takardu da ke kewayen Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, da ƙananan ofisoshi irin na Jekadafari, da yawansu kan tara fayiloli a kwamfuta guda, wato saba, sauran na'urori su riƙa ɗibowa ta netwok. Ƙorafin da na fi ji shi ne a kunna na'ura da safe a tarar folda ba ta nan. Ga abin da suke tambayata.

Malam, a kwamfutarmu ta Linux da safe babu folda, amma da na buga mount -a sai ta fito. Me ke kawo haka?

Kwantar da hankalinka. Tunda ta fito da hannu, wato da umarnin mount -a mai haɗo foldojin, adireshi da suna da kalmar sirri duk daidai suke, gaggawa ce kawai ta yi yawa. Linux na neman foldojin da aka rubuta a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa abin da za a haɗo, tun yana cikin tashi. A wajenmu kuma da an kawo wuta ko an tada janareta, komai lokaci guda yake kunnuwa. Kwamfuta mai faifan SSD mai sauri ta gama tashi cikin 'yan sakanni, rauta na nan tana ƙifta fitila, saba mai tsohon faifai ko rabi ba ta kai ba. Tamkar wanda ya yi sammakon zuwa kasuwa ne kafin mai shago ya iso: ya yi sallama sau ɗaya, shiru, ya koma gida.

An ce in ƙara kalmar _netdev a layin foldar cikin /etc/fstab, na ƙara, ba ta canza zane ba.

Ban yi mamaki ba. Dama systemd, mai kula da tashin Linux, ya san cifs (wato SMB) da nfs, hanyoyin raba folda, na netwok ne, don haka kalmar ba ta ƙara masa wani sani. Abin dubawa shi ne ko NetworkManager-wait-online.service na kunne, domin shi ke riƙe tashi har na'ura ta samu adireshin IP. Ko da yana kunne ma, netwok ɗin kwamfutarka yake jira, ba ruwansa da ko saba ta farka.

To mece ce mafita?

Ni dai x-systemd.automount nake sa wa kowa. Da shi ba a neman folda lokacin tashi, sai lokacin da wani ya buɗe ta, kuma kafin yaron shago ya share gaba ya zauna, saba ta daɗe da shiryawa. Layin da za ka rubuta a /etc/fstab kamar haka yake:

//192.168.1.10/takardu /mnt/takardu cifs credentials=/root/.smb,nofail,x-systemd.automount 0 0

Shi nofail yana hana na'ura tsayawa jira, jiran da kan kai sakan 90. Fayil ɗin .smb kuwa suna da kalmar sirri ke ciki. Yi masa chmod 600 don kada kowa ya karanta. Sai ka sake kunna na'ura ka gwada. Idan da waya-fai take aiki, a tabbatar an buɗe haɗin ga duk masu amfani da na'urar, in ba haka ba sai mutum ya shiga da sunansa kafin ta haɗu.

Ni kuma ko da hannu ba ta fitowa.

Naka daban ne. Buga journalctl -b, mai nuna rahoton tashin kwamfuta, ka duba lambar kuskuren. Lamba 13 suna ne ko kalmar sirri ko izini. Lamba 101 na nufin babu netwok, a duba kebul. Lamba 112 ce mai yaudara: tana cewa saba a kashe take, alhali sau da yawa tsohuwar na'ura ce da SMB1, tsohon salon SMB, kaɗai ta iya. Sa vers=1.0 a layin fstab na iya buɗe ta, amma ba na ba da shawarar haka, domin ta wannan ƙofar muguwar manhajar WannaCry ta yi ɓarna a 2017. Sabunta saba ya fi.

A Ubuntu da Debian a duba ko an saka cifs-utils, ko nfs-common ga masu NFS. Haka nan rauta na iya sauya wa saba adireshi bayan ɗaukewar wuta. A ware mata guda na dindindin. Katangar tsaro (firewall) kuma ta bar ƙofa 445 ga SMB, 2049 ga NFS.

Mu Windows muke amfani da shi, jan giciye muke gani a kan faifan foldar saba.

Ciwon ɗaya ne. Galibi da ka danna faifan zai buɗe, sai dai manhajar lissafi da ke tashi da kanta ba za ta gan shi ba. A Windows Pro, buɗe gpedit.msc ka kunna ƙa'idar "Always wait for the network at computer startup and logon". Shiga zai ɗan yi nauyi kaɗan. Mai hali kuma ya ɗora saba da rauta a kan inbata.