Magungunan itatuwa masu da'awar ƙara testosteron

Testosteron sinadari ne da ƴaƴan maraina ke samarwa, kuma yana da hannu a sha'awa, ƙarfin tsoka da ƙashi, da samar da maniyyi. A Maraɗi, kayan da ake talla da sunan ƙara shi suna cikin abin da ake kira maganin ƙarfin maza: garin sassaƙe, tsimi, zuma mai haɗi da ƙwayoyi a kwalba. Da yawansu ta hanyar Katsina da Jibiya suke shigowa.

Itatuwan da aka fi ambata su ne tsidau, hulba, baƙin gagai, da baƙi biyu daga Asiya: ashwagandha ta Indiya da tongkat ali na Maleziya. An gwada tsidau a kan mutane, galibin gwaje-gwajen ba su nuna ya ƙara sinadarin ba. Hulba, ashwagandha da tongkat ali sun nuna ɗan ƙari a wasu ƙananan gwaje-gwaje na ƴan makonni, waɗanda sau da yawa masu sayar da kayan ne suka biya kuɗinsu. Baƙin gagai kuwa, da ya yi tashe a intanet har Amurka, sunansa ya dogara ne kan binciken ɓeraye da aka yi a Najeriya, kuma a ɓerayen ma an ga alamun illa ga maraina, hanta da ƙoda.

An samu rahotannin ciwon hanta bayan shan ashwagandha, kuma Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Amma haɗarin da ya fi girma shi ne algus. FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta sha gano sildenafil, wato sinadarin Viagra, a ɓoye cikin zuma da kofi da ake cewa na ganye ne zalla. Aikin da mai saye ke gani nan take sau da yawa daga nan yake. Ga mai shan maganin zuciya na nitrat, haɗuwar biyun na iya kayar da jini ƙasa har a suma. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin kwalbar maganin gargajiya ma ba shaida ba ce cewa yana aikin da aka rubuta.

Raunin gaba ba lallai ne ya zama ƙarancin testosteron ba. Ciwon suga, hawan jini, taba, ƙiba da damuwa na cikin manyan sababinsa. Ƙarancin sinadarin ana tabbatar da shi ne da gwajin jini da safe, a maimaita shi wata rana kafin likita ya yanke hukunci.